BABI NA UKU: TARIHIN ƘARA WA TSOHON INJIN V8 ƘARFI DA KUƊI KAƊAN A AMURKA

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai bi diddigin wata al'ada ce da ta samo asali a tsakanin samari da ƙananan kanikawa na ƙasar Amurka, wato al'adar ɗaukar tsohon injin mota mai siffar V a yi masa gyare-gyare har ya fi yadda kamfani ya ƙera shi ƙarfi, ba tare da an kashe kuɗi masu yawa ba. Amurkawa suna kiran motar da aka yi wa irin wannan aiki da suna "hot rod". Za a faro ne daga shekarar 1932, a biyo har zuwa ƙarshen ƙarni na 20.

Tambayar da babin yake son amsawa ita ce: me ya sa a kowane zamani inji ɗaya ne yake mamaye wannan fage, alhali kuwa akwai waɗanda suka fi shi ƙarfi da kyawun ƙira? Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, ba ingancin inji kaɗai ke sa masu ƙaramin ƙarfi su rungume shi ba. Abin da ya fi tasiri shi ne yawansa a kasuwa, da arahar tsofaffinsa, da kuma yadda kayan wani suke shiga jikin wani.

3.1 Injin V da Inda Ƙarfinsa Yake Fitowa

Injin V shi ne wanda aka jera silindojinsa a layi biyu, suka buɗe kamar harafin V, dukkansu kuma suna juya karanshaf guda ɗaya. Idan silindojin takwas ne, huɗu a kowane ɓangare, sai a kira shi V8. Amfanin wannan tsari shi ne ana samun silinda takwas a cikin tsawon da bai wuce na silinda huɗu ba sosai.

Ƙarfin injin fetur yana fitowa ne daga yawan iska da man da ya zuƙa ya ƙona a kowane juyi. Don haka duk mai son ƙara wa inji ƙarfi, hanyoyi huɗu ne a gabansa. Ko dai ya sauƙaƙa wa injin zuƙar iska da fitar da hayaƙi, ko ya ƙara matsin da fistin yake yi wa iska da mai kafin filogi ya kunna su, ko ya ƙara girman silinda, ko kuwa ya cusa iskar da ƙarfin tsiya ta hanyar wata na'ura. Akwai kuma hanya ta biyar wadda ba ta taɓa injin ko kaɗan, wato rage nauyin motar. Duk tarihin da za a kawo a nan, a kan waɗannan hanyoyi yake tafiya.

3.2 Injin Ford na 1932

Kafin 1932 injin V8 na masu hannu da shuni ne. Kamfanin Cadillac ya fara sa shi a motocinsa tun 1914, amma haɗa shi yana da tsada domin gangar injin kashi-kashi ake zuba ta, sannan a ɗaure. A lokacin da kamfanin Chevrolet ya fito da inji mai silinda shida a 1929 ya fara janye masu saye, sai Henry Ford ya ƙudurta tsallake shida ya tafi takwas. Injiniyoyinsa suka samo dabarar zuba gangar injin gaba ɗaya a zubi guda, wannan kuwa shi ya karya farashin. A ƙarshen watan Maris na 1932 aka fito da motar. Girman injin lita 3.6 ne, ƙarfinsa doki 65, kuma dala 50 kacal ya ɗara mai silinda huɗu tsada.

Ana kiran wannan inji "flathead", wato mai shimfiɗaɗɗen kai, saboda bawul-bawul ɗinsa suna cikin gangar ne a gefen silinda, kan injin kuwa murfi ne kawai mai ramukan filogi. Wannan tsari yana da sauƙin ƙira, amma yana da illoli. Iska sai ta yi kwana kafin ta shiga silinda. Hayaƙi kuma ta cikin gangar yake ratsawa, inda silindoji biyu na tsakiya a kowane ɓangare suke tarayya a mafita ɗaya, shi ya sa injin yake yawan zafi. Har ila yau, wurare uku ne kawai suke riƙe da karanshaf. Kamfanin ya yi ta inganta shi: doki 75 a 1933, doki 85 a 1934. A 1939 aka fito da babbansa mai lita 3.9 da doki 95 a motar Mercury. An ci gaba da sa shi a motocin Amurka har 1953, ke nan miliyoyi aka ƙera a cikin shekara 21.

Abin lura a nan shi ne, illolin nan su ne suka buɗe ƙofa ga kanikawa. Injin da kamfani ya bari a shaƙe, ɗan gyara kaɗan sai ya nuna bambanci.

3.3 Samarin Busassun Tafkuna

Motar ta fito ne a tsakiyar karayar tattalin arzikin da ta fara a 1929, lokacin da saurayi ba shi da halin sayen sabuwar mota. Sai dai a kudancin jihar Kalifoniya tuni samari suka saba da sayen tsofaffin Ford Model T da Model A masu silinda huɗu, su cire murfin taya da gilashin gaba da duk wani abu mai nauyi, su tafi hamadar Mohabe da ke arewa da birnin Los Anjelis. A can akwai tafkunan da suka ƙafe, ƙasarsu ta daskare ta yi sumul, irin su Muroc da Harper da Rosamond da El Mirage, inda mota za ta yi gudu iya ƙarfinta ba kwana, ba ɗan sanda. A watan Nuwamba na 1937 ƙungiyoyin waɗannan samari suka haɗu suka kafa ƙungiyar auna gudu ta kudancin Kalifoniya, wadda ake taƙaita sunanta da SCTA, domin a tsara tseren a rage haɗari.

Da farko masu silinda huɗu ne suke cin gasa, saboda an daɗe ana ƙera musu kayan ƙarin ƙarfi. Amma zuwa ƙarshen shekarun 1930, motocin V8 na farko sun tsufa, wasu sun yi haɗari, injinansu sun cika wuraren da ake tara matattun motoci. Hausawa kan ce faɗuwar wani tashin wani. Sai samarin suka riƙa sayen injin da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, su dasa shi a jikin Model A mara nauyi. Wannan dashe kaɗai yakan ninka ƙarfin motar, domin injin Model A doki 40 ne.

Daga cikin waɗanda suka yi fice akwai Vic Edelbrock, wani bakanike mai gareji a Los Anjelis. A 1938 ya sayi Ford ƙirar 1932, ya ƙera mata manifol na alminiyam mai ɗaukar kafireta biyu, wanda ya sa wa suna Slingshot. A 1941, makonni kaɗan kafin Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, motar ta haura mil 121 a awa, wato kimanin kilomita 195. Masu kallo suka fara neman irin manifol ɗin, daga nan sana'ar sayar da kayan ƙarin ƙarfi ta kafu a hannunsa.

3.4 Dabarun da Aka Yi Amfani da Su

Idan aka duba yadda ake gyaran wannan inji, za a ga cewa aikin mataki-mataki ne, kowa yana tsayawa inda aljihunsa ya tsaya.

Mataki na farko shi ne salansa. Akan cire tukunyar hayaƙi ta kamfani a sa bututu biyu, ɗaya a kowane ɓangare, domin hayaƙi ya fita ba tare da turjiya ba. Na biyu shi ne kafireta. Akan sa manifol mai ɗaukar biyu ko uku, galibi samfurin Stromberg 97, wadda kamfanin Ford ya riƙa sa wa motocinsa daga 1936 zuwa 1938, don haka tsofaffinta suna nan birjik.

Mataki na uku shi ne matsi. Injin 1932 yana matse iska da mai ne kashi 5.5 zuwa 1. Mai ƙaramin ƙarfi yakan kai kan injin wurin masu injin yankan ƙarfe a rage masa kauri, ramin ƙonewa ya ƙanƙance. Mai ɗan hali kuwa yakan sayi kai na alminiyam irin na Edelbrock ko Offenhauser ko Navarro ko Weiand. A nan akwai wani tarko. Tun da iska ta cikin wannan rami take bi daga bawul zuwa silinda, idan aka ƙanƙance shi da yawa an ƙara matsi amma an shaƙe injin. Maganin da kanikawa suka samo shi ne su goge saman gangar tsakanin bawul da bakin silinda, su kuma faɗaɗa hanyoyin iska su goge su. Wannan aiki ba ya cin kuɗi, haƙuri yake ci, kuma wanda ya zarce da gugar har ya huda hanyar ruwa ya yi asarar gangar baki ɗaya.

Mataki na huɗu shi ne kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul tana rufewa. Maimakon a sayi sabuwa, akan kai tsohuwar a sake feƙe ta domin bawul ya ƙara buɗewa ya kuma daɗe a buɗe. Ed Winfield shi ne uban wannan sana'a, daga baya Ed Iskenderian, wanda ya koya daga gare shi, ya shahara bayan yaƙi. Sai dai kamshaf mai zafi tana ba da ƙarfi ne a babban gudu, tana kuma hana injin tsayuwa lafiya a silo.

Mataki na ƙarshe, wanda ya fi kowanne nuna hikimar amfani da abin da ke akwai, shi ne ƙara girma. A 1949 aka sa wa Mercury karanshaf mai tafiyar inci 4, alhali na Ford inci 3.75 ne, kuma yana zama a gangar Ford. Idan aka haɗa shi da faɗaɗa ramin silinda, injin lita 3.9 yakan koma lita 4.5. Masu tsananin nema kuwa sukan sake feƙe karanshaf ɗin su ƙara faɗaɗa ramin, har injin ya kai kusan lita 4.9. Inji irin wannan yakan ba da doki 150 ko fiye, alhali daga kamfani bai wuce 100 zuwa 110 ba.

Domin a gane muhimmancin araha a wannan fage, ya dace a ambaci kan inji mai suna Ardun, wanda Zora Arkus-Duntov da ɗan'uwansa Yura suka fito da shi a 1947. Shi wannan kai yana mayar da bawul sama, ya kawar da babbar illar injin gaba ɗaya. A fuskar fasaha babu kamarsa, amma saboda tsadarsa 'yan ɗaruruwa kawai aka ƙera, sai ya tsaya a hannun 'yan tsere ƙalilan. Galibin jama'a suka ci gaba da guga da feƙe.

3.5 Bunƙasa Bayan Yaƙi

Daga farkon 1942 zuwa 1945 an dakatar da ƙera motocin farar hula a Amurka, an kuma daina tsere, filin Muroc ya koma hannun sojojin sama. Amma yaƙin ya amfani wannan al'ada ta wata fuskar. Dubban samari sun koyi kanikanci da walda a soja, wasu kuma a masana'antun jiragen sama na kudancin Kalifoniya irin su Lockheed da Douglas. Da suka dawo suna da ilimi da ɗan kuɗin sallama. Alex Xydias ya buɗe shagon So-Cal a garin Burbank a 1946, a shekarar kuma Edelbrock ya buga littafin jerin kayansa na farko. Bill Burke ya ɗauki tankin man da jiragen yaƙi suke ratayawa, wanda aka yi gwanjonsa bayan yaƙi, ya mayar da shi jikin motar tsere. A 1948 Stuart Hilborn ya kai mil 150 a awa da injin Ford wanda ya ƙera wa na'urar fesa mai a madadin kafireta.

Bunƙasar ta zo da matsala. Samari sun riƙa tsere a kan titunan gari da dare, ana samun asarar rayuka, jaridu da 'yan sanda suka ɗora wa kalmar "hot rod" baƙin jini. Masu sana'ar suka ga idan ba a yi hattara ba doka za ta rufe su. A watan Janairu na 1948 Robert Petersen ya fara buga mujallar Hot Rod, wadda ta yaɗa dabarun nan zuwa duk faɗin ƙasar. A 1949 SCTA ta fara taron shekara-shekara a filin gishiri na Bonneville a jihar Yuta. A 1950 aka fara tseren gajeren zango a kai a kai a filin jirgin sama na Santa Ana, sannan a 1951 Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA domin ɗauke tseren daga titi zuwa fili mai ƙa'ida, mai tsawon rubu'in mil.

A jihohin kudu maso gabas kuwa, masu fasa-ƙwaurin barasar da ba a biya wa haraji ba su ne suka riƙa gyara wannan inji domin tsere wa jami'an tsaro. Daga cikinsu aka sami direbobin farko na gasar NASCAR, wadda Red Byron ya ci tserenta na farko a Daytona a watan Fabrairu na 1948 da gyararriyar Ford.

3.6 Zuwan Ƙaramin Injin Chevrolet

A 1949 kamfanonin Cadillac da Oldsmobile suka fito da injinan V8 masu bawul a sama, na farko doki 160, na biyu doki 135. A 1951 Chrysler ya fito da mai doki 180. Ke nan abin da bakanike yake shan wahala kafin ya samu, ga shi kamfani yana bayarwa kai tsaye. Duk da haka waɗannan injina ba su gaji Ford ba, domin na motocin tsada ne, suna da nauyi, ba su kuma da yawa.

Wanda ya gaje shi shi ne injin da Chevrolet ya fito da shi a 1955 a ƙarƙashin jagorancin Ed Cole: lita 4.3, doki 162, ko 180 idan an sa masa kafireta mai maƙogwaro huɗu da salansa biyu. Bai kai injin kamfanin mai silinda shida nauyi ba, kuma yana jure saurin juyi. Wani abin da ya taimaka shi ne, Arkus-Duntov, wanda ya koma aiki da Chevrolet a 1953, ya rubuta wa shugabanninsa takarda a watan Disamba na shekarar, inda ya nuna musu cewa samarin nan duk Ford suke gyarawa, kuma idan suka girma Ford za su saya, don haka ya kamata kamfanin ya riƙa ƙera kayan ƙarin ƙarfi da kansa. Wannan ya nuna cewa al'adar da ta fara a bayan gida ta kai ga sauya tunanin manyan kamfanoni.

Sirrin ɗorewar wannan inji shi ne an yi ta ƙara masa girma ba tare da an sauya tazarar da ke tsakanin silindojinsa ba, wato inci 4.4. An yi mai lamba 283 a 1957, da 327 a 1962, da 350 mai lita 5.7 a 1967, da 400 a 1970. Saboda haka kai da kamshaf da manifol na wata shekara sukan shiga injin wata. Dabarar karanshaf ɗin Mercury ma ta dawo da sabon salo: aka riƙa ɗaukar karanshaf na 400, a rage kaurin wuraren zamansa, a sa a gangar 350 da aka ɗan faɗaɗa, sai a sami inji mai lamba 383, kimanin lita 6.3, girman da kamfanin bai sa a motocinsa na wancan lokaci ba.

3.7 Dokar Hayaƙi da Sauyin Zamani

Shekarun 1970 sun zo da koma-baya. Dokar tsabtace iska ta 1970 ta tilasta rage gurɓataccen hayaƙi. A 1971 kamfanin General Motors ya rage matsin injinansa domin su iya shan fetur mara gubar dalma. A 1973 takunkumin man da ƙasashen Larabawa suka sa ya tsauwala farashi, a 1975 kuma aka fara sa tukunyar tace hayaƙi a salansa. Injin 350 da aka rubuta wa doki 370 a motar Corvette ta 1970, a 1975 ƙaraminsa doki 165 ne. Sai dai wajibi ne a lura cewa wani ɓangare na wannan faɗuwa a takarda ne kawai, domin daga 1972 an koma auna ƙarfin inji yana ɗauke da duk kayansa.

Injinan da aka shaƙe a wannan zamani sun zama abin nema ga masu gyara, domin gangarsu lafiya lau take, kai da kamshaf ne kawai aka raunana. Amma doka ta shiga tsakani. Gyaran da aka yi wa dokar a 1990 ya haramta wa kowa, har da mai motar, cire na'urorin tace hayaƙi daga motar da ke hawa titi, jihar Kalifoniya kuma ta shar'anta cewa sai hukumarta ta amince da kayan ƙari kafin a sa su. Ƙungiyar masu ƙera irin waɗannan kaya, SEMA, wadda aka kafa a 1963, ita ta riƙa shiga tsakaninsu da hukuma.

Duk da haka tsohon tsarin bai sauya ba. A 1996 aka sa wa motocin ɗaukar kaya na Chevrolet wani sabon kan inji mai suna Vortec, wanda ya fi yawancin tsofaffin kawunan tsere na kamfanin zuƙar iska, kuma yana hawa tsohuwar gangar 350 idan an sauya manifol. A 1997 aka fito da sabon zubin inji mai suna LS a Corvette, daga 1999 kuma aka baza 'yan'uwansa masu lita 4.8 da 5.3 da 6.0 a motocin kaya. Da waɗannan motoci suka tsufa, injinansu suka zama sabon abin dashe, sai dai a wannan karo kwamfuta da na'urar tobo mai cusa iska su ne suka maye gurbin kafireta.

3.8 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda injina uku suka gaji juna a hannun masu ƙaramin ƙarfi: Ford na 1932, da ƙaramin Chevrolet na 1955, da LS na 1997. Babu ɗayansu da ya fi kowane inji na zamaninsa ƙarfi. Abin da ya haɗa su shi ne an ƙera su da yawa domin talakawa, sun tsufa sun yi araha, kayansu kuma suna shiga juna. Kan Ardun da injinan Cadillac da Chrysler sun nuna cewa fifikon fasaha kaɗai bai isa ba idan farashi ya fi ƙarfin jama'a. Hausawa kan ce araha ba ta ado, amma a wannan fage arahar ce ta ba dubban samari damar gwaji, su ɓata inji su sayi wani, har suka tara ilimin da kamfanoni suka dawo suna ɗauka daga gare su. An kuma ga cewa sau biyu al'adar ta fuskanci barazanar doka, na farko saboda haɗari a titi, na biyu saboda hayaƙi, kuma a duka biyun ta tsira ne ta hanyar kafa ƙungiya da karɓar ƙa'ida.